Dasa maikurocif a bayan hannu: wurin da ya dace da yadda ciwon ke warkewa

In aka cire shiri da tsaftace wuri, dasa ƙwayar maikurocif a hannu, wato ɗan cif ɗin da waya ko makullin ƙofa ke karantawa, ba ya kai minti ɗaya. Abin da ke sa ta zauna inda aka ajiye ta, waya ta riƙa karanta ta ba tare da wahala ba, shi ne wurin da aka zaɓa da kuma yadda aka lallaɓa hannun a makonni huɗun farko. Mafi yawan ƙorafin da ake ji, wai ƙwaya ta gudu, ko tana suka, ko ta ƙi karantuwa, daga ɗayan biyun nan yake tasowa.

Ita kanta ƙwayar ba wani abin al'ajabi ba ce. Ƙaramin bututun gilashi ne da aka toshe bakinsa biyu, kaurinsa milimita 2, tsawonsa milimita 12, wato ya ɗan fi ƙwayar shinkafa doguwa. A ciki akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe ta zama eriya, sai ɗan guntun cif ɗin da ke riƙe bayanai. Ba batir a ciki. Tana nan kwance kamar matacciya har sai an kawo na'urar karantawa dab da ita, sannan ta sami ɗan lantarki daga filin maganadisun na'urar, ta amsa, ta sake yin shiru. Shi ya sa maganar wai ana bin sawun mutum da ita ta tauraron ɗan'adam ba ta da tushe: abin da waya ke fama kafin ta ji shi daga nisan santimita ɗaya, ina zai kai saƙo sararin sama? Haka ma jita-jitar da ta yaɗu lokacin korona cewa ana cusa cif ta allurar rigakafi. Kaurin allurar rigakafi bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba, ita kuwa allurar dasa ƙwaya dole ta haura milimita 2 tunda ƙwayar a cikinta take kwance. Ta fi ta ɗibar jini a asibiti kauri, wanda aka soka wa ita ba zai ce bai sani ba.

Abin ya daɗe. Farfesa Kevin Warwick na Jami'ar Reading a Ingila ya sa an dasa masa irinta a 1998, ƙofofin ofis suna buɗe masa, aka cire bayan kwana tara. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da wata irin wannan ƙwaya mai suna VeriChip a 2004 don haɗa majiyyaci da bayanan lafiyarsa, amma kasuwa ta ƙi, aka daina yin ta a 2010. Amal Graafstra ya dasa tasa a 2005, daga baya ya kafa kamfanin Dangerous Things a birnin Siyatil na Amurka, wanda har yau yana cikin inda masu wannan sha'awa suka fi sayen kaya. A Suwidin ne abin ya fi samun karɓuwa, har kamfanin jirgin ƙasa na SJ ya fara karɓar tikiti daga hannun fasinja a 2017, shekarar da ma'aikata kimanin 50 na kamfanin Three Square Market a jihar Wiskonsin ta Amurka suka yarda aka dasa musu. Ita jihar Wiskonsin ɗin tun 2006 ta haramta tilasta wa kowa dasawar.

Kafin a zo ga allura, akwai kuskuren da ake yi tun wajen saye, kuma shi ne mafi tsada domin gyaransa sai an tsaga fata. Ƙwayoyin iri biyu ne manya. Akwai masu aiki a mitar kilohaz 125, irin tsofaffin katunan buɗe ƙofar ofis. Waya ba ta karanta su sam. Akwai masu megahaz 13.56, su ne na NFC, fasahar da waya ke karanta kati da ita in an manna su. A cikin na biyun wadda aka fi dasawa tana ɗauke da cif ɗin NTAG216, mai wurin ajiya bayit 888: ya isa adireshin shafin intanet ko suna da lambar waya, bai isa hoto ba balle fayil. A na farkon kuwa an fi son mai cif ɗin T5577 domin ana iya rubuta mata lambar wani katin ta yi kamar shi. Akwai kuma mai haɗa biyun a bututu ɗaya, tsawonta milimita 14. Wanda ke son buɗe ƙofar wurin aikinsa da hannu, ya fara gano wane irin kati makullin ke karɓa. In katin na zamani ne mai ɓoyayyen mabuɗi, kamar DESFire, ba a kwafe shi. Sai dai mai kula da tsarin ya yarda ya shigar da lambar ƙwayarka cikin rajista, kuma da yawansu ba sa yarda. Katin banki ma haka, ba ya kwafuwa zuwa irin wannan ƙwaya. Masu biyan kuɗi da hannu wata na'ura ce daban aka sa musu, shimfiɗaɗɗiya, kamar wadda kamfanin Walletmor ya fara sayarwa a 2021, kuma tana da ranar ƙarewar aiki kamar kowane katin banki. Ranar da ta mutu, ko dai ta zauna a jiki ba amfani ko a tsaga a fitar.

Kada a ruɗu da arhar ƙwayar da ake sa wa karnuka da dawaki. Tata mitar daban ce, kilohaz 134.2, sannan yawanci ana lulluɓe ta da wani abu da nama ke kamawa don kada ta yi yawo a jikin dabba. A jikin mutum wannan lulluɓin shi ke mai da cirewa aiki ja. Na mutane gilashi ne sumul, da gangan.

Yanzu wurin. Ɗora hannu a kan tebur, bayansa na sama, ka buɗe babban yatsa da manuniya. Za ka ga fili mai kusurwa uku tsakanin ƙashin da ke gangarowa daga babban yatsa da wanda ke gangarowa daga manuniya. Nan ake sa ta, a kwance, a jere da ƙashin manuniya, da ratar aƙalla milimita 5 tsakaninta da kowane ƙashi. Dalilin ratar shi ne gilashi ne: in hannu ya bugu da bango ko ƙofa ta datse shi, ƙwayar da ke kan tsoka za ta nutse cikin laushi, wadda ke kan ƙashi kuwa tana tsakanin guduma da maƙera. Ba a kai ta can ƙurya wajen wuyan hannu inda ƙasusuwan biyu suka haɗu, domin a nan ne babbar jijiyar jini ke nutsawa zuwa tafin hannu. Ba a kuma kawo ta gaba cikin siririyar fatar da ke naɗewa in an dunƙule hannu, domin duk riƙon da aka yi zai riƙa lanƙwasa wurin yana tura ta. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai sa ka buɗe hannu ka rufe sau da yawa yana kallon inda fata ke tattarewa, ya lalubi jijiyoyin da suka fito a bayan hannu don ya kauce musu, sannan ya zana layin ƙasusuwan da alƙalamin fata, ya sa ɗigo inda ƙwaya za ta kwanta da wani ɗigon inda allura za ta shiga.

Zurfi ma haka. Ana son ta a ƙarƙashin fata, a saman tsoka, cikin sakakken shimfiɗin nan da ke sa fatar bayan hannu ta ɗagu in an tsunkule ta. In ta tsaya a cikin fatar kanta, za a riƙa ganin ta tsuru, tana zafi in an taɓa, kuma jiki na iya turo ta waje sannu a hankali kamar yadda yake yi da ƙaya. In ta nutse cikin tsoka, duk riƙo sai an ji ta, waya kuma ba za ta kai gare ta ba.

Dama ko hagu? Masu dasawa sukan ce a duba hannun da aka saba miƙa wa makulli ko na'ura. Ga wanda ya taso a cikinmu akwai ƙarin lissafi. Wajen musabaha, babban yatsan wanda kake gaisawa da shi yana sauka ne daidai kan wurin da ake dasawar, kuma akwai masu matse hannu kamar suna gwada ƙarfi. Hagu kuwa da shi ake tsarki, don haka ɗanyen rauni a nan yana buƙatar filasta marar shan ruwa da ƙarin kula a kwanakin farko. A ganina hagu ya fi sauƙin karewa, domin kwana uku na kula da filasta ya fi mako biyu na janye hannu daga dattawa.

Wa zai dasa? Likita, nas, ko ƙwararren mai hujin jiki da ya saba da aikin tsafta irin ta ɗakin tiyata. Ba aikin da mutum zai yi wa kansa ba ne, ko da ya ga masu yi a bidiyo, domin ana buƙatar hannu ɗaya ya ɗaga fata, ɗaya ya tura allura, kai kuwa hannu ɗaya ya rage maka. Ƙwayar tana zuwa ne a cikin sirinjinta, a rufe cikin leda da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta. In ledar ta huje ko ranar da ke jiki ta wuce, an bar ta ke nan. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, mai matsalar daskarewar jini, mai sikila, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, duk sai sun zauna da likitansu tukuna, kuma kada wanda aka rubuta wa maganin tsinka jini ya dakatar da shi da kansa saboda wannan. Wanda ya san tabonsa na tashi ya yi tudu, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huji, ya yi tunani sosai, domin irin wannan tabo ya fi yawa a baƙar fata kuma ramin allura ɗaya ya ishe shi tasowa.

Aikin kansa ga yadda yake tafiya. Ana wanke hannun da sabulu, a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi kulohezidin ko aidin, a bar shi ya bushe da kansa, domin bushewar tana cikin aikin maganin. Mai dasawa ya sa safar hannu mai tsafta, ya tsunkuli fatar ya ɗaga ta sama ya ɗan murza don ya tabbata ba jijiya a tsakanin yatsunsa. Sai ya tura allurar a kwance, kusan a jere da bayan hannun, ba a tsaye ba. Huda fatar ne wurin zafi, daƙiƙa biyu ko uku. Da ta wuce sai a ji ta tafi sululu. Yana tura ta har bakinta ya wuce ɗigon da aka yi, sannan ya ja ta baya kimanin tsawon ƙwayar kafin ya danna sirinjin. Wannan ja da bayan shi ne sirrin: ƙwayar na sauka ne cikin hanyar da allura ta riga ta buɗe, maimakon a tura gilashi ya yaga sabon nama da ƙarfi. Wanda kuma bai shiga da nisa ba, zai ajiye ta ne dab da bakin rami, kuma irin wannan ce ke leƙowa waje bayan kwana biyu. Ana zare allura, a danne ramin da auduga na 'yan mintoci har jini ya tsaya, a ja bakin raunin a haɗe da siririn filasta, a rufe. Ba ɗinki. Da yawa ba sa karɓar allurar kashe zafi, tunda ita ma suka ce. Shimfiɗaɗɗun na'urorin nan masu laushi su ne ke buƙatar kashe zafi, da allura mafi kauri ko tsagawa da ɗinki; suna karantuwa daga ɗan nesa fiye da na gilashi, amma warkewarsu ta fi daɗewa.

Wasu jiri ke ɗibarsu bayan an gama, ko da ƙarfafa ne. A ci abinci kafin a zo, a zauna minti goma kafin a miƙe.

Warkewa hawa biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke jawo matsala. Akwai ramin da ido ke gani, akwai kuma aikin da ke gudana a ciki.

Ramin waje ba ya ɗaukar lokaci. Ranar farko wurin zai kumbura ya yi tsami, ya kan kai kwana biyu ko uku kafin ya sace. In allura ta shafi ƙaramar jijiya jini zai taru ƙarƙashin fata. A fata mai duhu ba lallai ya yi shuɗi ba, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu yana zafi in an danna, kuma yana washewa cikin mako ɗaya ko biyu. Ɗaga hannu sama da ƙirji da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti goma suna rage kumburi. In ana son maganin zafi, farasitamol ya wadatar. Asfirin na ƙara zubar jini. A bar filastar farko ta kwana, washegari a wanke a hankali da ruwa mai tsafta da sabulu, a tsane, a sa sabuwa. Cikin 'yan kwanaki ɓawo zai rufe bakin, ya faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada a ɓamɓare shi. Kada kuma a yi masa abin da aka saba yi wa targaɗe: ba gashi da ruwan zafi, ba man zafi, ba murzawa. A guji jiƙa hannun cikin ruwan wanki, kududdufi ko wurin ninkaya har ramin ya rufe. Ruwan alwala mai tsafta da ya bi ta kan filasta marar shan ruwa ba ya cutarwa, kuma shafa a kan bandeji sananniyar mas'ala ce a littattafan fiƙihu. Hukuncin dasa abin a jiki tun farko kuwa tambaya ce da mutum zai kai wa malaminsa kafin ya sayi komai.

Na ciki shi ne mai muhimmanci. Jiki ba ya narkar da gilashi, don haka sai ya saƙa masa siririyar jaka ta zaren nama ya kewaye shi. Wannan jakar ce ke riƙe ƙwayar wuri ɗaya, kuma saƙarta na ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Kafin ta kammala, ƙwayar tana kwance ne cikin hanyar allura, duk matsi na iya gusar da ita. A nan mutane ke ɓata aikinsu: rana ta biyar sun ga rami ya rufe, zafi ya tafi, sai su koma matse wanki, jan guga, riƙe kan babur a hanya mai gargada, ɗaga ƙarfe, ko dambe. Tsokar da ke ƙarƙashin ƙwayar ita ce ke kumbura duk lokacin da babban yatsa ya matse manuniya, saboda haka riƙo mai ƙarfi yana tura ta, galibi zuwa gefen ƙashi ko ta juya ta gicciye. Rubutu, danna waya da cin abinci ba komai. Riƙo mai ƙarfi a ba shi mako biyu cur, aikin ƙarfi sosai a ba shi wata. Sai kuma jarabar taɓawa. Kusan kowa yana son ya ji ta da yatsa, ya tura ta nan ya tura ta can, ya nuna wa abokai. Duk turawa tana yaga saƙar da jiki ya fara, ta faɗaɗa jakar, ƙwaya ta sami ɗakin yawo na dindindin.

Ɗan gusawa na milimita kaɗan ba abin damuwa ba ne. In ta koma ta kwanta kan ƙashi ko gaɓa tana damu, gyaran shi ne a cire, a bar wurin ya warke, a sake sabuwa. Ƙaiƙayi, ɗan tsunkuli ko jin kamar lantarki ya ɗan ja wurin na iya zuwa jefi-jefi har watanni, saboda ƙananan jijiyoyin ji da allura ta yanka suna sake haɗuwa. Tabon kan zama ɗigo ɗaya, wanda a baƙar fata yakan yi duhu na wasu watanni kafin ya dusashe.

Abin da ba a jira da shi: zafin da ke ƙaruwa bayan rana ta biyu maimakon raguwa, kumburin da ke faɗaɗa yana ɗumi, mugunya, jan layi ko layin zafi da ke hawa zuwa damtse, kaluluwa a hammata, zazzaɓi, ko yatsa ya mutu bai dawo ba. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba. Hannu wuri ne mai ƙunci da jijiyoyi cunkushe, ciwo na yaɗuwa a cikinsa da sauri, sannan ƙwayoyin cuta kan manne wa jikin gilashin inda magani ba ya kai musu sosai, shi ya sa sau da yawa sai an fitar da ƙwayar kafin wurin ya lafa. A gaya wa likita ainihin abin da ke ciki. Haka in wani ƙullutu ya fara girma a wurin bayan an daɗe da warkewa. A 2007 an yi ta maganar binciken da ya sami ƙari kewaye da irin wannan ƙwaya a jikin wasu ɓerayen gwaji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kai kowane sabon kumburi a duba.

Kada hankali ya tashi in waya ta ƙi karanta ta a kwanakin farko. Ruwan kumburi ya ƙara tazara, kuma tazarar milimita biyu ma tana da tasiri a nan. Bayan ya sace ma sai an koyi hannu. Eriyar ƙwayar naɗaɗɗiya ce kamar bututu, ta waya kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka sun fi jin juna in ƙwayar ta gicciye gefen eriyar wayar, ba tsakiyarta ba. A iPhone eriyar na can saman baya. A wayoyin Android wuri na bambanta, sai an cire rigar wayar an bi bayanta a hankali har a gano. Wajen rubuta bayanai a kula da abu biyu. NTAG216 na da makullin da in aka danna shi ta zama ta karatu kawai har abada, kuma wasu manhajoji na ajiye maɓallin a fili. Su kuma ƙananan na'urorin kwafe kati masu arha sukan sa wa T5577 kalmar sirri ba tare da sun faɗa ba, ko rubutu ya yanke a tsakiya saboda raunin haɗuwa ƙwayar ta rikice. A gwada komai a kan katin gwaji mai irin cif ɗin kafin a kai shi hannu. A kuma tuna lambar irin waɗannan ƙwayoyi ba a ɓoye take ba, mai na'ura da ya sami manna ta a hannunka zai iya kwafe ta, saboda haka ba ita kaɗai za a dogara da ita a kan abu mai daraja ba.

Ƙofar binciken ƙarfe a filin jirgi ba ta jin ta, ƙarfen ya yi kaɗan. Tana fitowa a hoton ƙashi. In za a shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganadisu, a faɗa wa ma'aikata tun kafin ranar, a tafi da takardar kamfanin da ya yi ta, domin su ne masu yanke hukunci kuma tana ɓata hoton wurin da ke kewaye da ita. 

Cirewa, in ƙwayar sumul ce kuma tana inda ya dace, ƙaramin aiki ne irin na cire ashanar tazarar haihuwa daga damtse: a kashe zafi, a tsaga milimita kaɗan a daidai ƙarshenta, a huda jakar da ta kewaye ta, a turo ta daga ɗaya ƙarshen ta fito. Ba a kama tsakiyarta da hantsaki mai ƙarfi, gilashin na iya fashewa a ciki. Ɗinki ɗaya ko filasta ya rufe wurin, kuma in ana son sabuwa a nan sai a jira ya warke sarai tukuna.